Zaren 'Yar Wushirya

Masu karatu, ku gafarce ni da shirun kwana biyu. Waɗanda suka cika min akwatin saƙo da "Anti, kin amsa masa ko ba ki amsa ba," ku sassauta min. Yau labarin ranar amsar zan ba ku.

Ga wadda yau ta fara shigowa, ni ce mai 'yar ƙungiyar nan da ke ɗaukar nauyin karatun yara ashirin da uku a wani ƙauye na ƙetare. Shekara biyar da suka wuce aikin koyarwa na wata shida ya kai ni can, na dawo da gangar jiki, na baro rabin zuciyata a wani aji mai rufin kwano. In kun ji na ce ofis kar ku hango bene. Ɗakin baya ne na gidanmu, inda keken ɗinkin Umma yake: tebur ɗaya, durowa mai cijewa sai an doke ta da gwiwa, fanka mai kuka, da dogon katako a bango mai ƙusa ashirin da uku. Kawu, yayan Umma, Uwar Garke yake kirana, wai na tara 'ya'yan mutane ban ajiye nawa ko ɗaya ba, ga talatin tana leƙo ni ta taga.

Doka ɗaya na kafa tun farko, kuma da ita nake tinƙaho: ba a ɗaukar hoton yarana. Na tsani in ga an tsayar da yaro da yagaggiyar riga ana haska shi don mutane su ji tausayi. Ko sunansu na yanka ba na ba masu ɗaukar nauyi, sai laƙabi, su Sarkin Tambaya, su Mai Kunnen Zomo, su 'Yar Wushirya. Abu biyu ne ke haɗa mu da su, wasiƙa da zare.

Zaren dabarar Umma ce. Malamar da ke kula mana da su a can mace ce mai tsoron Allah, amma ita da lamba ba sa ga maciji. Sau biyu tana turo awo a rubuce, muna ɗinka kayan makarantar da buhu ya fi su zama a jiki. Sai Umma ta ce a bar lamba, a ɗauki zare a auna yaro daga kafaɗa zuwa idon sawu, a yanke, a ɗaura masa takarda mai laƙabinsa. Duk wata shida kwali yake zuwa da zaruruwa da wasiƙu. Umma ta yanka yadi da su, ni kuma in rataye kowanne a ƙusar mai shi. Da haka nake ganin girmansu. Wani lokaci in na gaji da aiki sai in zauna ina kallon bangon, fanka tana kaɗa zaruruwan a hankali, in ji kamar yaran ne suka yi layi suna jira in kira suna.

To, sai shi. Likitan ido ne, yana da ɗan shagon tabarau a kan babban titi. A wayata Baban Wushirya na ajiye shi, don haka nake ajiye duk masu ɗaukar nauyi. Dogo, mai sanyin murya, kullum cikin kaya ruwan toka an goge su kamar za su yanki mutum, da koren biro a aljihun gaba. Matarsa da 'yarsa tilo sun rasu rana ɗaya a haɗarin mota. Shekara uku da suka wuce ya shigo ɗakin nan ya ce a ba shi yarinya 'yar shekara bakwai, ban tambayi dalili ba, don dalilin yana rubuce a fuskarsa. Tun daga nan ya zama ɗan gida. Shi ke kai mana kwali ofishin aika kaya, shi ke ɗauko wanda ya zo, tunda shi ne mai mota. Wasiƙar Wushirya kuwa ba ya tafiya da ita gida sai ya zauna a falonmu ya karanta mana a bayyane, yana cire tabarau yana goge ido, Umma tana taya shi da gefen mayafi.

Bara ne wasiƙun suka fara sauya salo. Ni nake fara karanta kowace wasiƙa kafin in miƙa, to a ƙasan ɗaya sai na ga an ƙara layi: "Ka gaida Anti, kuma don Allah Anti ki auri Babana, don mu zama gida ɗaya." Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce lallai Malama ta iya gulma. Umma ba ta yi dariya ba, cewa ta yi maganar yara daga sama take zuwa. Kawu da ya ji, ya ce abin da 'yar shekara tara ta hango daga ƙetare, ni da ke zaune kusa da shi na kasa gani, sai a kai ni shagonsa a gwada min ido.

Kuma na je ɗin, wata biyu da suka wuce, don da gaske idona yana yaji. Ya tsayar da ni a jikin ƙofa in karanta haruffan allo, sannan ya ɗora koren bironsa a saman kaina ya yi ɗan ɗigo a jikin katakon, yana murmushi, wai don ya san inda zai rataye madubi a gidansa. Na ji kunya, na ji daɗi ma, ba zan ɓoye muku ba. Ba ni da abin da zan kushe shi da shi. Abu ɗaya ne kawai: in yana kallonki ba ya ƙifta ido da wuri, kamar mai haddace ki.

Kawu ya ba ni wa'adi zuwa Asabar bayan la'asar, zai zo tare da shi su ji daga bakina. Kuma 'yan uwa, na riga na yanke zan ce eh. Na gaji da zama abin nuni a taron dangi, kuma na ce mutumin da ya riƙe 'yar wani shekara uku bai gaza ba, ba zai wulaƙanta 'yar Umma ba. Umma ta ɗinka min doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, tun Alhamis take rataye a bayan ƙofa cikin leda, ga sabon mayafi mai ruwan madara a kanta.

Da safiyar Asabar saƙonsa ya shigo.

"Barka da asuba. Kwalin yara ya iso, na ba Umma a bakin ƙofa. Sai la'asar, in ji abin da aka rubuta min."

Na mayar masa da "Allah ya saka da alheri, Dakta," har da 'yar fuska mai murmushi, abin da ban taɓa tura masa ba.

Da hantsi na saka rigar don Umma ta duba tsayin, ban cire ba na zauna na yanke kwalin. Umma tana kan keke tana rage min hannun wata rigar. Ina zaro zare ina ratayewa ina surutu. Sarkin Tambaya ya ƙara yatsa biyu. Mai Kunnen Zomo bai ƙara komai ba, na ce zan tambayi Malama ko yana cin abincin makaranta ko kaiwa gida yake yi. Ambulan ɗin Wushirya ne na ƙarshe. Na kama bakin zaren na ja, yana fitowa, yana fitowa, ya ƙi ƙarewa. Da na rataye shi a ƙusarta sai ya sauka har ƙasa, ragowar ta naɗe a kan tabarma kusa da ƙafata.

Na ce, "Umma, zo ki ga 'yarki ta zama raƙumin dawa."

Keken ya tsaya. Umma ta taso da almakashi a hannu, ta tsaya gaban ƙusar tana bin zaren da ido. Sannan ta sauke duk zaruruwan Wushirya, ta jera su a kan teburin yanka, ta daidaita kawunansu da gefen almakashi. Na farko-farkon suna hawa a hankali, yatsa ɗaya, yatsa biyu, yadda yaro ke girma. Daga nan sai wani ya yi tsalle da kusan tafin hannu biyu a zuwa ɗaya. Biyu da suka biyo shi kuma daidai suke da shi, ko gashi ɗaya babu tsakani.

Ta ce ta tuna ranar da ta yanka wa wannan awon yadi, har ta yi mita cewa yarinyar nan taki ake zuba mata. Sau uku tana ɗinka riga ɗaya ba ta lura ba, don ita zaren da aka miƙo mata take bi, ba ta waiwayar na baya. Ta sa yatsa a kan ukun nan.

"Yaro ba ya tashi haka, kuma ba ya tsayawa haka. Wata goma sha takwas, 'yar nan. Kira Malama."

Samun Malama a waya aiki ne, sai ta hau tudun bayan makaranta, shi ya sa yawanci saƙon murya muke bar wa juna, na littattafai da alli da wanda ya yi zazzaɓi. Ran nan kuwa a kira na uku ta ɗauka, ina jin iska tana kaɗa mata mayafi. Bayan gaisuwa na ce mata ina so in tambaye ta game da Wushirya.

Sai ta ce alhamdu lillahi, ta daɗe tana roƙon Allah ya kawo ranar da zan iya ambaton yarinyar nan da bakina.

Na ce, "Ban gane ba, Malama. Me zai hana in ambace ta?"

"Anti, ai tun rasuwarta kika ce kar a sake tayar miki da zancen."

Masu karatu, na ji maganar, amma kamar a ɗakin maƙwabta aka yi ta. Na zauna a ƙasa da sabuwar rigata. Umma ta karɓi wayar ta buɗe murya ta ajiye a kan tebur, a tsakiyar zaruruwan.

Malama ta ba mu labari tana kuka. Wata goma sha takwas da suka wuce zazzaɓi ya kama Wushirya ranar Talata, kafin Juma'a an binne ta. A ranar Malama ta hau tudu ta kira wayar ofis. Namiji ne ya ɗauka, mai sanyin murya, ya ce shi ne mai taimaka wa Anti da kai kaya. Nan take na tuna ranar. Muna ofishin aika kaya, na bar masa jakata da wayar a mota na shiga cike takarda. Da na fito na same shi ya kifa kai a sitiyari, ya ce min kansa ne ke sarawa.

Bayan kwana biyu ya kira ta da lambarsa. Ya ce Anti ta ji, ta faɗi, likita ya hana a sake yi mata maganar. Ya ce kuma mai ɗaukar nauyin yarinyar bawan Allah ne da ya riga ya binne 'ya ɗaya, in aka ce masa ta biyu ma ta tafi, ba a san abin da zai faru ba. Don haka Anti ta ce a ci gaba da turo wasiƙa da zare kamar kullum, shi zai riƙa turo abin da za a rubuta. Malama ta ce ranta bai so ba, amma wace ce ita da za ta ja da ni? Sai ta riƙa ba yarinyar da suke zama benci ɗaya tana kwafewa da hannunta.

Har da layin "ki auri Babana"? Har da shi. Malama ta ce ita ma ta yi mamaki, amma ta ɗauka wata hikima ce tawa.

Umma ce ta tambayi zaren. Malama ta ce ba ta da awon yarinyar, duk na baya ta turo mana. Sai dai ranar rasuwar, matar da ta yi mata wanka ta aiko a ara mata zare daga ƙullin makaranta don a auna likkafani, da aka gama ta dawo da shi. Shi Malama ta ajiye a cikin rajista, daga jikinsa take yanko sabo duk wata shida. Riguna ukun da muka aika suna nan a ninke cikin kabad, sun yi wa duk 'yan ajin tsawo, kuma ba uwar da ta yarda 'yarta ta saka.

Umma ta rufe bakinta da hannu. Na san abin da take tunani, hannunta ne ya yanka, ƙafarta ce ta taka keken, tana waƙa tana ɗinka wa gawa kayan makaranta. Ni kuma dokata nake tunani, dokar da nake tinƙaho da ita a gaban mutane. Da hoto ɗaya nake karɓa a shekara, da tuni na san yarinyata ba ta cikin layi. Na kare mata mutunci har na kasa sanin ta mutu. Ban yi mata addu'a ko sau ɗaya ba, ban aika wa uwarta gaisuwa ba, ina nan ina dariyar wasiƙunta.

Sai na ce, to wannan na yau fa, me ya sa ta yanko shi da tsawo haka?

"Wane na yau?"

"Zaren Wushirya da ke cikin kwalin nan. Da wasiƙarta."

"Anti, ban saka komai nata ba wannan karon. Yarinyar da ke kwafewa ta ƙi, ta ce tana ganinta a mafarki tana tambayar wa ya ba ta izinin yin magana da bakinta. Ni ma na ji tsoron Allah. Ambulan ashirin da biyu na ƙirga na rufe kwalin da hannuna."

Layin ya yanke a nan, ko iska ce ko cajinta, ban sani ba. Fanka tana ta kukanta. Zaruruwan yara ashirin da biyu suna motsi a bango, ƙusa ɗaya tana tsaye babu komai.

Na jawo kwalin na juya shi. A ƙasan kwalin, a jikin salatif ɗin Malama mai ruwan ƙasa, akwai wani sabo fari da aka bi a kai da kyau, aikin mutum mai haƙuri. Na buɗe wasiƙar. An yi ƙoƙarin karkata haruffan kamar na yara, amma tawadar kore ce. Layi biyu ne kawai: "Anti, na gaji da jira. Yau ki ce eh, mun gyara miki wuri kusa da mu."

Na miƙa wa Umma, ta karanta tana motsa leɓe, ta ajiye. Sannan ta ɗauki dogon zaren ta bi shi da yatsu daga farko zuwa ƙarshe, yadda take yi in tana son ta gane mai awo ba tare da ta duba takarda ba. Shekara talatin tana ɗinki, ta san jikin duk wanda ta taɓa aunawa. Na ga lokacin da hannunta ya tsaya.

"Tashi ki tsaya. Cire takalmin."

Na tsaya a jikin bango. Ta ɗora bakin zaren a kafaɗata, ya wuce idon sawuna ya kwanta a ƙasa. Kamar ba ta so, ta ɗaga shi ta ɗora a tsakiyar kaina ta sake shi. Na ji yana bin bayana, sanyi-sanyi, ta kan duwatsun rigar. Umma ta durƙusa ta danne ƙarshensa da babban yatsa. A diddigena ya ƙare, bai rage ba, bai yi saura ba. Sai ɗigon koren biron nan na jikin ƙofar shagonsa ya faɗo min a rai.

Umma ba ta tashi daga durƙuson ba ta ce, "Tela daga kafaɗa yake aunawa. Daga ka zuwa diddige, mutum ɗaya ake yi wa wannan awon."

Ko azahar ba a kira ba, sai muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofar gida. Sau uku, a hankali, da tazara tsakani, yadda yake yi kullum don kar ya firgita Umma. Na leƙa ta labulen falo. Motarsa ce, kuma kujerar da Kawu zai zauna babu kowa.

Umma, matar nan da ta shekara tana min wa'azin Dakta safe da yamma, ita ce ta naɗe zaren a hannunta ta datse shi gida biyu da almakashi, ta sake datsewa, ta watsa a kwandon ƙyalle. Ta je ta murɗa makullin falo sau biyu ta zare shi ta ƙulle a bakin mayafinta. Ta ce in cire rigar nan yanzu, kuma Yaya ita za ta kira shi, in yana son ya aurar da wani ya aurar da kansa.

Amma ni ake jira, kuma na ga bai dace amsata ta fito daga bakin kowa ba. Na ɗauki waya na rubuta: "Na yi magana da Malama. Amsata a'a ce, Dakta. Allah ya jiƙan yarinyar, ya ba ka lafiya." Na tura. Alamar ya karanta ta fito nan take.

Ƙwanƙwasar ta tsaya. Muka tsaya ni da Umma a tsakiyar falo muna sauraron ƙarar tashin mota, ba mu ji ba. A saman wayar an nuna yana rubutu, ya daina, ya sake farawa. Sai saƙon ya shigo, a ƙarƙashin sunan da ni da kaina na ajiye shi da shi, Baban Wushirya.

"Anti, ba Babana ba ne, ni ce. Ki buɗe. Rigar da Umma ta ɗinka min ta yi min daidai, na zo in nuna miki."